Karkiya a Wuyan San Karatu

Ni na fara gani. Kafin mai unguwa, kafin uwar da ta haife su, kafin shi kansa Misbahu. Yanzu kowa a Unguwar Nagoggo yana bugun ƙirji wai dama ya hango. Ƙarya suke yi, hamma suke a gindin dalbejiya lokacin da ni Mainasara na gani. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana ka rubuta ka ajiye a hanya sai in tsallake shi in wuce. Amma na kora shanu da ƙafata daga ƙasar Daura har Kudu tun kafin a fara loda su a tirela. Kwalara ta kwashe abokan tafiyata ta bar ni. Babban fari ya zo ya share garkunan mutane, ya tafi ya bar ni tsaye. Wanda ya sha irin wannan, in mutum ya ɗora hannu a jikin dabba, ya san abin da ke ransa.

Bayan an gama kaka ne aka kawo san nan. Malam Yazid ya zo da shi a bayan a-kori-kura, wani jan ɗan bijimi mai farin goshi. Malam Yazid shi ne shugaban ƙungiyar 'yan garinmu da ke aiki a birane. Ya tsaya a ƙofar gidan marigayi Audi, mahaifin Misbahu, ya yi jawabi. Ya ce duk inda Misbahu ya je neman tallafin karatu sai a ce masa ai ku masu karatun ƙarshen mako kuna da sana'a, wannan na masu zama a makaranta ne. To ƙungiya ta ga ya kamata ta tuna da irinsu. Amma ba za ta ba da kuɗi a hannu ba, don kuɗi narkewa yake a gida mai baki da yawa. Sa za ta bayar. Misbahu ya turke shi ya yi kiwonsa har ya yi ƙiba, in an buɗe rajistar shekararsa ta ƙarshe bayan damina a kai shi kara, kasuwar shanu, a sayar. A biya makaranta, abin da ya saura a sayi maraƙi a miƙa wa wani ɗalibin.

Aka yi kabbara, aka ɗauki hoto. Mutane suka matso suna taɓa san, wannan ya danna ƙugu, wancan ya kama gindin wutsiya, inda ake duba nama. Sai ga Jafaru, yayan Misbahu. Shi bai dubi ƙugu ba. Ya ɗora tafinsa a wuya, daidai gaban tozo, ya danna, sannan ya sunkuya ya ƙare wa ƙafafun gaba kallo. Nan ne fa mazaunin karkiya. Na juya na ce wa na kusa da ni, "San nan ba zai ga kara ba." Ya ce, "Baba, ka fara ko?"

To ku ji yadda ta kasance.

Tun rasuwar mahaifinsu ba a raba gado ba, gandu suke yi. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, Jafaru ne mai faɗa a ji. Misbahu yana aikin gida daga Litinin zuwa Alhamis. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya rataya jakarsa ya fita bakin titi ya tari motar Daura, inda yake karatun zama malamin makaranta. Ya kwana a barandar shagon wani abokinsa, ya dawo Lahadi da yamma. Haka ya yi ta jan abin har ya kawo bakin shekarar ƙarshe, awakinsa da kekensa duk sun tafi a hanya.

Shi ya sa ya riƙe san nan kamar jariri. Ya kafa masa turke a bayan ɗakinsa, ya yi masa rumfar kara. Kafin ya karya kumallo sai ya dama masa dusa da kanwa. Duk gidan da ya ji ana casar wake yana can da buhu yana roƙon ƙowarsa. In ya tafi Daura, matarsa Ummukulsum ce ke kula da shi, tana tara masa ƙanzo da ruwan wankin gero. Kafin zafi ya kankama san ya murje, fatarsa tana sheƙi, tozo ya cika har ya kwanta gefe.

Jafaru yakan zo ya jingina da rumfar yana sakace.

"Malam, ɗalibin nan naka ya fi ka ƙoƙari fa. Shi ana ganin karatun a jikinsa."

Misbahu ya yi dariya. "Ai shi zai biya min, Yaya."

"Allah ya sa. Mu muna rana muna cin ƙasa, shi yana inuwa yana cin dusa."

Gidan yana da shanun huɗa biyu. Ana tsakiyar bazara Jafaru ya kora ɗaya kasuwar Mai'aduwa ya sayar, ya dawo da kwanon rufi ya rufe ɗakinsa. Da Misbahu ya leƙa garke ya ga sa ɗaya tilo, sai ya nufi wurin yayansa.

"Yaya, ga damina ta matso. Da me za mu yi huɗa?"

"Allah zai kawo."

"Ko mu haɗa da gidan Maliki? Su ma ɗaya gare su."

"Yau kuma noma za ka koya min? Je ka ji da karatunka, na gida ka bar min."

Ruwa ya sauka wata Alhamis, ƙasa ta jiƙu sosai. Washegari Misbahu ya tafi Daura yana waiwaye.

Lahadi da la'asar ya dawo ya tarar da san a kwance. Dusar safe tana nan a baho, ko shinshinawa bai yi ba. Da ya ɗago kai sai ga igiya a zure a hancinsa, jini ya bushe a gefenta, ƙuda na bi. Ummukulsum tana tsaye a ƙofar ɗaki ta kasa haɗa ido da mijinta.

"Wa ya huda shi?"

"Kana fita suka shigo, Yaya da wasu maza. Suka kayar da shi. Malam, kukan da ya yi har yanzu yana kunnena."

"Ke kuma kina tsaye?"

"Na ce musu na makaranta ne. Ya ce tun yaushe matar ƙane take sa baki a maganar garke. Jiya da yau suna bayan gari suna sa shi jan gungume."

Misbahu bai ajiye jakar ba. Ya samu Jafaru a zaure yana ɗaure igiyoyin karkiya.

"Yaya, san nan amana ce. Ni kaina ba nawa ba ne, balle..."

"Sannu da zuwa dai tukuna. Ko a Daura ba a koya muku gaisuwa?"

Misbahu ya durƙusa ya gaishe shi.

"Yauwa. Aro na yi. Mu gama gonar gyaɗa in mayar maka da abinka. Kai in ka duba ma alheri na yi maka. San da ba ya motsi kitse kawai yake tarawa, mahauta ba sa so. Yanzu naman zai kama jikinsa."

"San turka ba a sa masa karkiya, Yaya. Zubewa zai yi."

Jafaru ya ajiye igiyar. "Harawar da yake ci daga gonar wa ta fito? Tuwon da matarka take ci ranakun da kake can zaune a kan benci, wa ya noma shi? Na taɓa ce maka uffan? To abin da ya shigo gidan nan na gidan nan ne. Haka Baba ya bar mu."

Misbahu ya shiga wurin mahaifiyarsu, Inna Shatu. Tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗar iri. Ba ta kiran sunan Jafaru, ɗan fari ne.

"Inna, ki yi masa magana."

"Babban ya gaya min. Ya ce kwana kaɗan ne."

"In ya rame ba zai biya rajista ba. Ita ce shekarar ƙarshe, Inna. In na rasa ta, duk wahalar baya ta tashi a banza."

"In ba a yi huɗa ba me za mu ci? Takarda?" Ta tura masa ƙwaryar gyaɗa gabansa, ya sa hannu yana ɓarewa ba tare da ya sani ba. "Ka yi haƙuri, shi ne ubanka yanzu. Kuma kada in ji maganar nan a waje. Ba a taɓa jin kan gidan Audi ba."

Da farko akwai sauran kunya. In Misbahu yana gida, Jafaru ba ya kusantar turken, sai a yi aikin hannu. Da Misbahu ya lura da haka, Juma'a ta zo bai rataya jaka ba. Ya zauna yana wanke wa san hanci da ruwan gishiri. Jafaru ya sa rigarsa ya tafi ziyara Zango yana fito. Ta gaba ma Misbahu ya zauna. Sai abokin karatunsa ya kira shi a waya ya ce an yi gwaji an wuce, kuma malamin ya rantse duk wanda ya sake rasa aji kada ma ya zo zauren jarrabawa.

Ya tsaya a bakin rumfar da wayar a hannu. In ya zauna gadi, makarantar da ake kiwon dominta ta kuɓuce. In ya tafi makarantar, abin da zai biya ta yana cikin karkiya. Ya tafi. A aji malami yana bayani a allo, shi kuma yana duban inuwar taga yana cewa a ransa yanzu sun kai ƙarshen kunya, yanzu sun juyo. Da ya dawo, gashin wuyan san ya tuje, fata ta yi ja kamar an goga barkono.

An daɗe da gama gonar gyaɗa. An gama ta gero, an gama ta dawa. Amma san bai koma turke ba. Aka fara ganinsa a gonakin mutane, yau gabas da gari, gobe can hanyar Dutsi. Jafaru ya shiga huɗar haya.

"Yaya, ka ce in an gama gyaɗa."

"Takin zamani fa? Kai za ka saya? Ko a makarantar taku ana rabawa?"

Daga nan kunyar ma ta ƙare. Wata Litinin da sassafe Jafaru ya kwance san da hannunsa, a gaban mai shi, ya miƙa masa igiyar hancin.

"Kama. Ya fi jin muryarka. In na ba wani, sai an yi ta zabga masa bulala kafin ya miƙe layi. Ka zaɓa."

Misbahu ya dubi bayan san, ga sawun bulala nan kwance a kan haƙarƙari. Ya karɓi igiyar. Tun daga ranar shi ne a gaba yana ja, Jafaru a baya riƙe da garma. Yana tafe yana yi wa san magana ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi masa lokacin dama dusa, san kuma yana bin muryar yana nishi. In ya nemi a tsaya a huta, sai Jafaru ya ce, "Rana tana yi, Malam. Nan ba aji ba ne da ake buga ƙararrawa."

Sau ɗaya ya karya umarnin Inna. Ya je gaida mai unguwa, ya yi ta kewaye-kewaye har ya kawo maganar. Mai unguwa ya saurara yana jan carbi.

"Ɗana, tsakanin wa da ƙane ba a shiga. Gobe ku shirya, ni in zama abin zagi. Kuma yayanka mutum ne mai ƙoƙari, kowa ya shaida. Ka bi shi a hankali."

A hanyar komawa Misbahu ya bi ta gefen gonar mai unguwa. Kunyoyi sababbi, a miƙe tsaf, ga sawun kofato biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami. Ya san ƙaramin. Ranar Asabar aka yi ta, yana Daura.

Haka damina ta yi ta tafiya. San ya daina cinye dusarsa, in an dawo sai ya zube a turke ya miƙe wuya a ƙasa. Tozon da ya kwanta don cika ya koma kamar tsohuwar hula. Ƙashin ƙugu ya fito, ana ƙirga haƙarƙari daga bakin zaure. Ciwon wuyan ya buɗe, in ya fara kamewa ranar hutu, karkiya ta sake ɓare shi washegari. Misbahu in an tashi daga gona, maimakon ya buɗe littafi, sai ya ɗauki lauje ya shiga neman ɗanyar ciyawa, ko Allah zai sa abin da rana ta cinye yamma ta mayar. Bai mayar ba. Shi ma wandonsa ya fara yi masa yawa. A aji barci yake ɗauke shi, abokai suna zungurinsa. Jarrabawar shekarar da ƙyar ya haye ta. Ummukulsum ta daina tambayarsa yaya makaranta, shi ma ya daina tambayarta yaya sa.

Gero ya nuna, aka kafe sanarwar rajista a makaranta. Malam Yazid ya kira ya ce yana tafe ranar Asabar da mota, a kai sa kasuwa Lahadi.

Sai ga Jafaru ya zama mai tausayin dabba. Ya hutar da san. Ya ba shi gishiri da yawa don ya sha ruwa cikinsa ya taso. Ya samo baƙin mai wurin mai gyaran babur ya shafe ciwon wuyan. Ranar Juma'a Inna Shatu ta aika a kira mata Misbahu, ta sa ya zauna kusa da ita.

"Gobe baƙi za su zo."

"Na sani, Inna."

"Za su yi tambaya."

Ta dafa gwiwarsa ta ci gaba.

"Ni na haife ku ku biyu. In ka buɗe baki ka tozarta yayanka a gaban mutanen birni, a ce ɗan Audi ya ci amanar ƙungiya, ban yafe maka ba. Ka ji ni? Karatu ana sake shi. Sunan gida in ya zube ba ya kwasuwa."

"Ni nawa sunan fa, Inna?"

"Kai yaro ne. Na yaro ana mantawa."

Yaron nan fa yana da mata, da furfura ɗaya-biyu a gemu.

Ranar Asabar ina wurin, da ƙafata na je, ba wanda ya gayyace ni. Mutane sun taru a ƙofar gida kamar ranar farko. Misbahu ya jawo san ya fito da shi. Ciki ya kumbura da ruwa, sauran jiki kuwa ƙashi da fata, yana tafe yana haɗa ƙafa. Malam Yazid ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wannan ne? Misbahu, wannan ne san da muka kawo? Ai ko yadda muka sauke shi daga mota bai kai ba."

Jafaru ya riga kowa. "Wallahi Alhaji mun yi iya ƙoƙarinmu. Ka san mai karatu, rabin mako ba ya gida. Ni kuma ga gandu a kaina. Sai ciwon fata ya kama shi a wuya, ga shi nan muna ta magani."

Na duba hagu na duba dama. Duk wanda ke tsaye a wurin ya san gaskiya, rabinsu san nan ne ya yi musu huɗa. Wannan yana duban takalminsa, wancan yana gyara hula. Mai unguwa yana jan carbi. To ni ba a haife ni da irin wannan bakin ba. Na buga sandata a ƙasa.

"Yazidu! Ciwon fata a ina? Cin karkiya ne wannan! Goge man ka gani. Ka dubi hancinsa, san turka aka ce maka ana hudawa? Damina guda yana jan garma, gonar wane da wane, in kana so in lissafa maka su yanzu!"

Sai Jafaru ya fashe da dariya.

"Baba Mainasara ke nan! Alhaji, ka tuna shi? Shi ne fa ya kori zaki da takalmi a dajin Kudu."

Aka kwashe da dariya, har da masu duban takalmi, don sun samu mafita. Zakin kuwa na kore shi, amma ba wannan ake magana ba.

Malam Yazid bai yi dariya ba. A garin nan aka haife shi, ko ya daɗe a birni ya san igiyar hanci. Ya dubi wuyan san, ya dubi agogonsa, sannan ya juya wurin Misbahu.

"Kai muka ba amana, kai zan tambaya. Gaskiya ne abin da tsohon nan ya faɗa?"

Misbahu ya ɗaga kai. Ta saman kafaɗar Malam Yazid yana hango zanan gidan, da gefen mayafin Inna a jikin ƙofa. San ya matso ya goga hancinsa a hannunsa, yadda ya saba in yana neman dusa. Ya ji muryarsa ta fito kamar ta wani.

"Ciwo ne. Ni ne ban kula da shi ba."

Malam Yazid ya sauke numfashi. Ni na ga sauƙi a fuskarsa, don wannan amsar ba ta buƙatar ya zauna shari'a, ga hanya mai nisa a gabansa.

"Dama an gaya min. A taro wasu suka ce masu karatun ƙarshen mako ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje suke, ba a dogara da su. Ni na tsaya maka. Yanzu da wane ido zan dube su? Ka cuci kanka, ka cuci na bayanka." Ya buɗe ƙofar mota. "Wannan ko an kai shi kara abin kunya ne. Ku yi jinyarsa, in ya farfaɗo a sayar a mayar wa ƙungiya abinta. Maganar makaranta kuma sai ka nemi wata hanyar."

"In sha Allahu, Alhaji," in ji Jafaru, har da dafa ƙirji. "Ni da kaina zan kula da shi."

Ya kuwa kula da shi. Ranar Litinin ya ɗaura shi a amalanke, aka fara kwaso amfanin gona.

A shekarar nan gandun gidan Audi ya yi albarkar da bai taɓa yi ba, don an yi huɗa a kan lokaci. Rumbu ya cika har aka yi sabo. Buhunan gyaɗa suka tokare rufin kwanon nan. Misbahu ya jira ranar da ya ga yayansa cikin walwala, ya durƙusa.

"Yaya, gyaɗa ta yi kyau. A fitar da kaɗan a biya min rajistar kafin a rufe."

"Yanzu? Da kaka, gyaɗa tana arha kamar ƙasa? So kake a ce ban san abin da nake yi ba? A bari ta yi daraja."

"Kafin nan an rufe."

"To baɗi. Makarantar guduwa za ta yi? Tana nan inda ka bar ta. Kai ma ka huta, dubi yadda ka rame."

Ya je wurin Inna. Ta ce Allah ya yi masa albarka, ya rufa wa gida asiri, kuma abin da mutum bai samu ba dama ba rabonsa ba ne.

Ranar wata Juma'a aka rufe rajista. Da aka sauko daga masallaci Misbahu ya shiga ɗaki, hannunsa ya tafi wurin ƙusar da jakar take rataye, don ya saba. Babu jakar. Ummukulsum ta ɗauke ta ta sa a ƙarƙashin gado don kada ya riƙa ganinta. Yana tsaye da hannu a bango ya ji muryar Jafaru daga waje.

"Malam! Tunda yau kana nan, akwai sauran dawa a gonar bakin titi."

Ya fita ya kama igiyar. Suna tafe gefen kwalta, amalanke yana ƙara, sai motar Daura ta rage gudu a daidai inda ta saba ɗaukarsa. Direban ya leƙo.

"Malam, yau ba ka da aji ne? Ga wurinka nan a gaba!"

Misbahu ya ɗaga masa hannun da ke riƙe da igiyar. Direban ya duba, ya duba san, ya ja motarsa.

To wannan shi ne abin da ya faru, kuma ba ɓarawo ne ya haura katanga ba. Ba wanda ya zare wuƙa, ba wanda ya ɗaga murya in ba ni ba. Da aro aka fara, aka bi da haƙuri, aka rufe da albarka. Ƙungiya ta ce ba ta ƙara ba mai karatun ƙarshen mako ko kaza, yaran da ke jiran maraƙin nan sun ji a salansa. Mutanen da suka ci tuwon huɗar san nan su ne yanzu in Misbahu ya wuce suke cewa, "Ga wanda ya kashe kiwon ƙungiya." Shi kuma ya gaishe su ya wuce. Baɗin da aka ce ta zo ta wuce, gyaɗa ta yi daraja an sayar, an sayi babur. Har yau san bai farfaɗo yadda za a kai shi kara ba, in ji mai jinyarsa, amma kullum yana da ƙarfin jan garma. Na ga fari, na ga annoba, na ga 'yan fashi a daji. Waɗannan ko ba komai in sun cuce ka ba sa cewa ka gode musu.

Na san akwai mai cewa tsohon nan ne, mai zaki. To bismilla. Hanyar Sandamu ba a rufe take ba. Ka sauka a Unguwar Nagoggo ka tambayi gidan Audi, ka zo ranar Asabar da hantsi, lokacin da 'yan ajinsu Misbahu suke gaban allo. Za ka ga jan sa mai farin goshi, za ka ga wanda ke riƙe da igiyarsa. Kada ka tambayi kowa komai, duk za su ce maka ciwo ne. Kai dai ɗaga karkiyar ka sa tafinka a gaban tozo. In ka samu gashi ko ƙwara ɗaya a wurin, ina gindin dalbejiya, ka zo da askarka ka aske min gemu a gaban jama'a.